Yadda Ake Rarrabe Kayan Asali da na Kwaikwayo a Jikin Tsohuwar Bindigar Farauta

Bindigar farauta mai baki biyu da aka ƙera a 1890 ko 1910, da wuya ka same ta yau ba a taɓa sauya mata ko da kusa ɗaya ba. An yi aiki da ita, ruwa ya dake ta, ta faɗi, ta je wurin mai gyara ta dawo. Sauyin kansa ba aibu ba ne. Aibun shi ne a sayar maka da ita a kan cewa komai nata na asali ne, ka biya kuɗin asali, alhali ƙotar jiya aka sassaƙa ta.

Kayan da za ka tarar a jikinta iri uku ne. Akwai na asali, wanda ta baro masana'anta da shi. Akwai tsohon sauyi, wanda kamfanin da ya ƙera ta ko wani maƙeri na wancan zamani ya sa mata, ko aka ciro daga wata 'yar'uwarta. Sai na kwaikwayo, wanda aka yi a 'yan shekarun nan domin ya yi kama da na da. Ƙa'idar da za ka riƙe wajen raba su ita ce, abubuwan da suka tsufa tare shaidarsu takan zo ɗaya. Ƙarfe da katako da suka yi shekara ɗari a manne suna barin sawu a jikin juna, kuma suna cinyewa ne a inda hannu yake taɓawa. Duk sashen da labarinsa ya saɓa wa na maƙwabtansa, shi za ka tsaya a kai.

Kafin komai, buɗe bindigar ka leƙa bututun biyu ka tabbata babu harsashi. Ka tanadi madubin ƙara girma mai ninki 10, da ƙaramar tocila, da tocila mai shuɗin haske irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita, da tef na awo. In za ka samu ma'aunin faɗin cikin bututu da na kaurin bangonsa, to ka huta da rabin aikin. Da izinin mai ita, ka raba ta gida uku: cire mariƙin gaba, tura libar buɗewa, sauke bututun daga jikin uwar bindigar, wato ƙarfen tsakiya da ya haɗa bututu da ƙota. Wannan bai buƙatar kwance kusa ko ɗaya. Kada ka kusanci kusoshin da sukudireban gida, domin tsagarsu siririya ce ƙwarai, zamewa ɗaya ta isa ta ɓata kan kusar da ba za a sake samun irinta ba.

Lambobi da hatimai

Lambar bindiga takan fito a wurare da dama: a shimfiɗaɗɗen ƙarfen uwar bindiga inda bututu yake kwanciya, a ƙarƙashin gindin bututun, a ƙarfen mariƙin gaba, da kuma wutsiyar makarin kunama. A bindigogin Parker na Amurka har a jikin katako ake buga ta, ƙarƙashin wutsiyar makarin. Winchester samfurin 1897 da Model 12 masu rabuwa biyu suna ɗauke da lamba a uwar bindiga da kuma a gindin sashen bututu, kuma dole su zo daidai.

Zuwan lamba daidai bai isa hujja ba, sai ka duba yadda aka buga ta. Hatimin da aka doka da guduma yana tura ƙarfe gefe, ya bar ɗan tudu a bakin kowane harafi. Haska tocila daga gefe, ka sa madubi. In tudun ya ɓace, haruffan sun yi faɗi sun rasa zurfi, an goge wurin. In kuma wurin lambar ya ɗan lotsa fiye da kewayensa, wataƙila an share tsohuwar lamba da magagari aka buga sabuwa. Kwatanta siffar alƙaluman: 3 da 7 na jikin bututu su yi kama da na jikin uwar bindiga a tsayi da lanƙwasa. Rubutun na'urar leza kuwa gindinsa a shafe yake, zurfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, ba shi da tudu ko kaɗan.

Bindigogin Ingila da Beljiyam suna da wata shaidar da na Amurka ba su da ita, wato hatimin gidan gwaji, inda ake jarraba ƙarfin bututu kafin a sayar da bindiga. Gidan gwaji na Landan yana aiki tun 1637, na Birmingham tun 1813, kuma da yake ƙa'idojinsu sun riƙa sauyawa, hatiman suna faɗin zamanin da aka gwada bututu. Rubutun NOT FOR BALL na tsakanin 1875 da 1887 ne. Daga 1887 kalmar CHOKE ta maye gurbinsa. Tsawon mazaunin harsashi sai daga 1925 aka wajabta buga shi, hatimin BNP mai kambi kuma na 1954 ne zuwa gaba. Harafin R mai kambi yana nufin an sake gwada bututun bayan wani aiki da aka yi masa. A Liege ta Beljiyam, haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai su ne shaida, kuma kambin da ke samansu daga 1893 ya fara.

Amfanin wannan a fili yake. In lambar bindiga ta nuna a shekarar 1880 aka ƙera ta, amma hatiman bututun duka na bayan 1954 ne, babu tsoho ko ɗaya a gefensu, to bututun baƙo ne. Adireshin da aka zana a doron bututu, wato siririn ƙarfen da ke kwance tsakanin bututun biyu, shi ma yana magana. Kamfanin Purdey na Landan ya bar Oxford Street ya koma South Audley Street a wajen 1882, saboda haka bindigar 1870 mai sabon adireshin an sake mata bututu, ƙila a kamfanin kansa. Haka kuma in ka ga suna mai kama da na manyan maƙera, irin su T. Parker ko J. Manton, amma hatimin ELG na zaune a ƙarƙashi, bindigar Beljiyam ce mai araha da aka yi wa aron suna tun a wancan zamani.

Bututu

A nan kuɗin yake, a nan kuma haɗarin yake, don haka a nan za ka fi daɗewa.

Fara da tsayi. Yawancin bututu suna barin masana'anta da cikakken awo: inci 26, 28, 30 ko 32. In tef ya nuna 27 da wani guntu, ka yi zargin an yanke. Dubi bakin. A bindigar da ba a taɓa ba, bututun biyu sukan haɗu ko su kusan taɓa juna a ƙarshe, kuma ramin da ke tsakaninsu a cike yake tsaf. Wanda aka yanke sai ka ga rata a tsakani an cusa dalma, adon doro kuma ya zarce har baki ya katse ba tare da layin rufewa ba. Matsin baki, wanda yake tara harsashi kada ya watsu da wuri, yana cikin 'yan incin ƙarshe ne, yanka kuwa yana tafiya da shi.

Sai dashe. Tun wajen shekarun 1950 ake ceton bindigar da bututunta ya lalace ta hanyar yanke shi kamar inci 3 daga gindi, a bar tsohon gindin mai hatimai, a zura sababbin bututu a ciki. Gidajen gwaji na Ingila suna buga SLEEVED a irin wannan aiki, amma wanda aka yi a wata ƙasa ba lalle ya zo da alama ba. Nemi siririn layi da ya zagaye bututun a daidai wurin. Wasu sukan ɓoye shi da zanen ado, saboda haka zoben ado a wurin da bai saba zama ba abin tuhuma ne. Waldar zamani tana iya ɓatar da layin gaba ɗaya, sai dai launi yakan tona: tsohon ƙarfe da sabo ba sa karɓar rini iri ɗaya, kuma a hasken rana bambancin yana fitowa.

Bututun Dimashƙa, wanda aka ƙera da sandunan ƙarfe iri biyu da aka murɗe aka nannaɗe aka haɗe da wuta, zanensa ya ratsa har cikin naman ƙarfen. Za ka gan shi a ƙarƙashin mariƙin gaba, har ma a wuraren da rini ya goge. Akwai bindigogi masu araha da aka zana wa kwaikwayon zanen a fata kawai, kuma a wurin da ya goge sai ka ga ƙarfe fari fat. Akwai kuma akasin haka, Dimashƙa na gaske da aka rine baƙi ƙirin domin a sayar da shi a matsayin ƙarfen zamani. Wannan ya fi muni, domin mai saye zai iya sa masa harsashin da ya fi ƙarfinsa. Haska tocila daga gefe a ƙarƙashin mariƙi, murɗin yakan leƙo ta cikin baƙin.

Rinin kansa shaida ne. Bututun tagwaye da doronsu galibi da dalma aka liƙa su, shi ya sa ake rina su a hankali: a shafa ruwan magani, a bari su yi tsatsa, a dafa a ruwa, a goge, a maimaita sau da yawa. Launin yakan fito baƙi mai laushi, ba mai walƙiya ba. Rinin sauri na zamani, wanda ake tsoma ƙarfe a tafasasshen ruwan gishirin magani mai zafin kusan digiri 140 a ma'aunin Celsius, yana cin dalma. Alamarsa baƙi mai sheƙi kamar gilashi, da farin gari da ke tsatsowa ta gefen doro. Rataye bututun da yatsa ta ƙugiyarsa ka ɗan ƙwanƙwasa da farce ko guntun katako. Mai lafiya zai yi amo kamar ƙararrawa, wanda doronsa ya saki kuwa sai ya yi ƙara a dushe.

In kana da ma'auni, auna faɗin ciki a inci 9 daga gindi, wurin da gidajen gwajin Ingila suke aunawa. Bindigar da girman bututunta ake kira 12, faɗinta na ƙa'ida inci 0.729 ne. A tsohon tsari, hatimin 13/1 yana nufin 0.719, 12 yana nufin 0.729, 12/1 kuma 0.740. In hatimi ya ce 13/1 amma ma'auni ya nuna 0.735, an yashe cikin domin a ɓatar da ramukan tsatsa, kuma bindigar ta fita daga gwajinta. A Birtaniya laifi ne a sayar da irin wannan sai an sake gwada ta. Kaurin bango da ya gaza inci 0.020 masu sana'ar ba sa amincewa da shi. Mazaunin harsashi ma a auna: tsofaffin na Ingila yawanci inci 2½ ne, in ka tarar da 2¾ ba tare da hatimin da ya faɗi haka ba, an ƙara shi daga baya.

Uwar bindiga, kusoshi da guduma

Launukan nan na shuɗi da ja-ja da ruwan toka da ke jikin uwar bindiga sun samu ne wajen taurara fatar ƙarfen: a binne shi cikin gawayin ƙashi da na itace a rufaffen akwati, a gasa, a juye cikin ruwa. Launin siriri ne, hannu da rana suna cinye shi. Don haka a bindigar da ta yi aiki, ƙasan uwar inda ake riƙewa yakan koma fari-fari, launin ya saura a maɓoya: ƙarƙashin liba, kewayen makarin kunama, cikin ƙarfen mariƙi. In ka ga launi shar ko'ina, ga shi kuma gefunan ƙarfen sun dakushe, zanen ado ya yi laushi, ramukan kusoshi sun lotsa kamar faranti, to an goge an sake gasawa. Launin da ya kwanta a cikin ramin tsatsa hujja ce da ba ta da amsa, domin tsatsa ba ta riga launin masana'anta zuwa. Mafi sharri shi ne wanda aka yi da harshen wutar walda, ɗigo-ɗigo masu zobe kamar idon kifi. Wannan bai taurara komai ba, yana ma iya lalata taurin da ke nan.

A Parker akwai wata dabarar da ake yi, ta ɗaga daraja. A ɗauki mai ƙaramin matsayi a ƙara mata zane, a sauya harafin matsayin. Duba sunan ƙarfen da ke kan doro, domin yana tafiya da matsayi: Vulcan Steel na matsayin V ne, Titanic Steel na D. Ka kuma sani an ƙera Parker na kwaikwayo a Japan tsakanin 1984 da 1989, bindigogi masu kyau da aka sayar da sunansu a bayyane, amma sassansu sukan ɓulla a jikin tsofaffi.

Kusoshi ƙanana ne, amma sun fi kowa saurin tona asiri. A bindiga mai kyau tsagar kowace kusa tana kallon tsawon bindigar, kanta ya yi daidai da fuskar ƙarfe, zanen adon da ke kewaye ya hau kanta da hannu ɗaya. Wutsiyarta a ɗaya gefen an goge ta ta bi lanƙwasar wurin. Kusar da tsagarta ta karkace, ko ta fi sauran faɗi, ko kanta ya tsaya a sama, ko dai baƙuwa ce ko an musanya mata rami. Maƙeran da sun yi amfani da zaren kusa irin nasu, shi ya sa kusar kanti ba ta shiga sai da tilas, kuma tilas ɗin yana barin rauni a bakin rami. Kusa mai tsagar gicciye sai a shekarun 1930 ta shigo, ba ta da gurbi a bindigar ƙarni na 19.

In bindigar mai gudumar dukan harsashi a waje ce, ɗaga gudumar biyu ka dube su daga baya. Tsayinsu ɗaya ne? Lanƙwasarsu ta zama kishiyar juna? Ta asali ƙirar wuta ce da aka gyara da magagari, kuma a bayanta, ɓangaren da ke fuskantar ƙarfe, za ka ga sawun magagarin. Ta kwaikwayo galibi zubi ce: siririn layi inda mazubi ya haɗu, fata mai ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo, tsagar wurin ɗora babban yatsa a dakushe tun tana sabuwa. Raminta mai kusurwa huɗu sau da yawa yakan yi wa sandar yawa, sai a cusa ɗan ƙarfe a toshe.

Sifirin da allurar dukan harsashi kuwa kayan ci ne, suna karyewa ana sauyawa. In an yi sauyin da kyau, kada ka tsaya ciniki a kansu.

Ƙota

Katako yana shan mai. Shekara da shekaru ana zuba mai a ƙarfe ana jingine bindiga a tsaye, man yana gangarowa, shi ya sa kan ƙota inda ya haɗu da uwar bindiga yakan yi duhu. Ƙotar da kanta ya yi haske kamar gindinta, a bindigar da ƙarfenta ya sha jiki, sabuwa ce ko an wanke ta. Shafa yatsa a mahaɗin katako da ƙarfe. Maƙera sukan bar katako ya ɗan ɗara ƙarfe kaɗan. In ƙarfen ne ya fito sama da katakon, an ci ƙotar da sanfefa.

Ƙirga layukan tsagar riƙo a cikin inci ɗaya, a wuyan ƙota da kuma a mariƙin gaba. Adadin ya kamata ya zo ɗaya, salon iyakar ma ɗaya, cinyewar kuma ta yi kusa. Tsohuwar tsagar Ingila sau da yawa kanta a shafe yake tun asali, ba mai tsini ba. Wadda aka sake bi za ka ga farin katako a cikin kwarin, da wuraren da wuƙa ta zarce iyaka.

In mai ita ya yarda ƙwararre ya cire makarin kunama, duba cikin ramin. Tsohon katako a can ciki ya yi duhu, hoton ƙarfen ya kwanta a jikinsa. Aikin hannu yana barin sawun kurfi, injin zamani kuma yana barin kusurwoyi masu zagaye iri ɗaya. Sai dai a yi hattara, masana'antun Amurka sun yi amfani da inji wajen fafe ƙota tun a wancan lokaci, don haka sawun inji shi kaɗai ba ya kayar da Parker ko Fox ko L.C. Smith. Abin da ba ya cikin aikin asali shi ne gam mai tauri irin na zamani, wanda sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga kasuwa. Kashe fitila ka haska shuɗin haske: irin wannan gam yakan yi fari-fari, kuma duk wani faci ko tsagewar da aka ɓoye sai ta fito da launi dabam.

Marfin gindin ƙota shi aka fi kwaikwaya, domin shi ya fi saurin fashewa. Na asali ƙaho ne, ko ƙarfe, ko taurarriyar roba. Ƙaho yana da zare-zare a jikinsa, yana ɓarewa falle-falle, ƙwari kuma suna huda shi. Taurarriyar roba in ta tsufa takan juya daga baƙi zuwa ruwan ƙasa ko kore-kore, in ka murza ta da yatsa har ta yi ɗumi za ka ji warin farar wuta. Na kwaikwayo daga jikin wani tsohon marfi ake ɗaukar mazubinsa, saboda haka yana zuwa da cinyewar wancan, har da ƙarzunansa, amma duk a lulluɓe da fata ɗaya mai santsi. Sa madubi ka nemi ƙananan ramukan kumfa a cikin haruffa da adon, misali kan karen da ke marfin Parker. Bayansa a goge yake sumul, kuma da yake zubi yana ɗan tsukewa, yakan gaza faɗin ƙotar kaɗan. A ƙarƙashinsa ka ƙirga ramukan kusa. Ramuka biyu ne na ƙa'ida. In ka ga huɗu, biyu a toshe da tsinken katako, wani marfin ya taɓa zama a wurin. Gindin da aka yanke ya miƙe sak alhali samfurin da lanƙwasa yake zuwa, an rage tsawon ƙotar.

Takardun masana'anta

Purdey da Holland & Holland da Westley Richards suna riƙe da tsofaffin littattafansu. Ofishin adana bayanan bindigogi da ke Cody a jihar Wyoming yana da na Winchester da Marlin da L.C. Smith, ƙungiyar masu tara Parker kuma tana bayar da wasiƙa a kan nata. Wasiƙar takan faɗi shekarar ƙira da tsawon bututu, wani lokaci har da matsin baki, nauyi da awon ƙota. Ɗauki tef da sikeli ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Bindigar da ta fi abin da aka rubuta sauƙi sosai, an rage mata wani abu, a baki ko a ciki ko a gindi.

Ka tuna wasiƙar tana bayanin bindigar da ta bar masana'anta da wannan lamba ne, ba ta rantse cewa ita ce a hannunka ba, shi ya sa duban hatimi da madubi yake gaba da ita. In kun daidaita, ka sa mai sayarwa ya rubuta a takardar ciniki sassan da ya ce na asali ne da waɗanda aka sauya, da awon bututun kamar yadda aka same shi a ranar. Kafin a sa mata harsashi, maƙerin bindiga da ya san tsofaffin tagwaye ya auna bangon ya faɗi irin harsashin da za ta iya ɗauka. Wadda da baƙin albarushi kaɗai aka gwada ta, kada a sa mata harsashin zamani sai gidan gwaji ya sake gwada ta ya buga hatiminsa.